Kwana 19 a gidan aboki a birnin Meksiko: a sauka a gida ko a otal?

Baban Safwan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun da na dawo daga Meksiko 'yan'uwa da dama suka nemi in ba da labarin tafiyar, kuma na ga ya fi dacewa in rubuta shi a nan sau ɗaya, domin mai tambaya ko mai gyara ya yi a gaban kowa. Na yi kwana 19 a can, daga tsakiyar watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a gidan wani abokina da muka yi karatun digiri na biyu tare a Jamus, muka zauna ɗaki kusa da ɗaki shekara biyu. Ya daɗe yana gayyatata ina ba shi uzuri, sai wannan karon Allah ya nufa.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Meksiko, don haka na bi ta Istanbul. Tsakaninmu da su awa 7 ne, wato lokacin da ake kiran azahar a Kano su gari bai gama waye musu ba. Abin da ya fara kama ni kuwa shi ne iska, domin birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,240 daga teku, ya ɗara Jos nesa ba kusa ba, har na yi kwana biyu da ciwon kai, kuma ko matakalar bene na hau sai na tsaya na numfasa.

Abokina yana zaune a Iztapalapa, a gabashin birnin, yanki mai mutum kusan miliyan 1.8, wanda baƙi masu yawon buɗe ido ba su cika taka shi ba. Gidansu bene ne mai hawa uku: mahaifiyarsa a ƙasa, shi da matarsa da 'ya'yansu biyu a tsakiya, ƙanwarsa a sama, kuma a kan rufin ga rodi a tsaitsaye yana jiran ranar da za a sami kuɗin ƙara wani hawan, kamar dai yadda muke gani a sababbin unguwanninmu. Kowane gida yana da baƙin tankin ruwa a sama, domin famfo ba kullum yake kawowa ba, kuma idan ya daɗe bai zo ba sai a jira tankar ruwa. Babu mai shan ruwan famfo, ana sayen na sha a babbar gora mai lita 20. Da safe za ka ji mai sayar da iskar gas yana jan murya, sai mai kwasar shara ya biyo yana kaɗa ƙararrawa, sai motar 'yan gwangwan da ke sa murya ta lasifika tana neman tsofaffin katifu da firji da murhu. Da dare kuma mai gasasshen dankali yakan wuce da amalankensa, tana wani irin fito mai tsini da ake ji daga nesa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne aiken da mahaifiyarsa take yi mana ni da jikanta kafin cin abincin rana. Takan miƙo mana wani ƙyalle mai ado, mu je shagon da ake yin tortilla, wato fallen gurasar masara da ba a cin abinci sai da ita. A shagon akwai inji da ke murza ƙullun, ya yanka shi zagaye-zagaye, ya bi da shi ta cikin wuta, ya zubo shi yana tururi, sai mai shagon ta auna mana kilo ɗaya ta naɗe a ƙyallenmu. A gefen sikelin akwai ɗan kwanon gishiri, duk wanda ke layi yakan zari ɗaya, ya barbaɗa gishiri, ya naɗe ta ya ci a tsaye. Na je dalar Teotihuacan, na je babban dandalin Zócalo, na shiga kwalekwale a Xochimilco, amma idan na tuna Meksiko yanzu wannan layin nake fara gani.

Wannan ya sa na kawo maganar gabanku. Ra'ayina shi ne duk wanda yake da aboki a wata ƙasa ya sauka a gidansa, ya bi shi kasuwa da wurin aiki, ya bar wuraren tarihi su zo a matsayi na biyu, domin hotunansu suna cike da intanet, rayuwar gida kuwa sai an zauna a cikinta. Ina son in ji yadda kuke gani.

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam, barka da dawowa, Allah ya sa an dawo a sa'a. Ni tambayata a kan abinci take, Baban Safwan. Ƙasar da mafi yawan mutanenta mabiya ɗarikar Katolika ne, kuma na ji suna yawan cin naman alade, yaya ka yi kwana 19 a gidan da ba na Musulmi ba ba tare da ka takura su ko ka takura kanka ba?

Baban Safwan:
Hajiya, wannan ita ce damuwar da na tafi da ita. Naman da ido ke gani yana da sauƙin kauce wa, wahalar tana ga kitsen alade da suke kira manteca, wanda ake soya wake da shi, ake kuma kwaɓa ƙullun tamal da shi, wato wani abinci mai kama da alale da ake turarawa a cikin ɓawon masara. Tun kafin in iso abokina ya yi wa mahaifiyarsa bayani, ita kuma ta sayi sabuwar tukunya da sabon kasko ta ware mini, ta koma yin girkin gidan gaba ɗaya da man girki na tsirrai. Na rayu da kifi, ƙwai, waken da aka dafa a tukunya ba tare da soyawa ba, cuku, fiya, da nopal, wani tsiro mai ƙaya mai faɗi kamar tafin hannu, wanda idan aka kankare ƙayar aka yanka aka dafa yana yauƙi kusan kamar kuɓewa. A waje kuwa na haddace jimla guda, "sin puerco, sin manteca", ma'ana ban da alade, ban da kitsensa. Sallar Juma'a na same ta sau biyu a wata cibiyar Musulmi da ke unguwar Anzures, inda na haɗu da Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Afirka ta Yamma da kuma 'yan ƙasar da suka musulunta. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen ƙasar sun kai miliyan 126, Musulmin da ta ƙirga kuwa ba su kai dubu 10 ba, saboda haka kada wanda zai je ya sa ran jin kiran salla.

Ɗaliba a Madrid:
Yaya Baban Safwan, sannu da hanya. Zan ƙara abu biyu ga mai niyyar zuwa. Na farko, idan ka ce wa mai abinci ba ka cin nama, zai iya ɗauka naman sa kake nufi ya kawo maka abin da aka sa jamón ko chorizo, dukansu kuma na alade ne, don haka a ambace su da sunansu. Na biyu, akwai naman da ake jerawa a tsayayyen ƙarfe yana juyawa a gaban wuta, wanda duk Bahaushen da ya gan shi zai ce shawarma ce. Sunansa al pastor, kuma alade ne. Asalinsa daga 'yan Lebanon da suka yi ƙaura zuwa Meksiko ne a farkon ƙarni na 20, musamman birnin Puebla, suka zo da salon gashinsu, daga baya mutanen gari suka canza naman rago da na alade. Ina kuma son in ji yadda ka yi da gaisuwa, domin na san mata da maza suna haɗa kunci idan sun saba.

Baban Safwan:
Ƙanwata, na gode da wannan ƙarin. Gaisuwa kam na ɗora hannu a ƙirji na ɗan rusuna, kuma tun ranar farko abokina ya gaya wa matan gidan cewa girmamawa ce a wurinmu. Mahaifiyarsa ta karɓi abin har ita ma ta koma gaishe ni haka. Mutane ne masu ladabin magana ƙwarai: wanda ya wuce ka kana cin abinci, ko bai san ka ba, zai ce maka "provecho", kamar mu ce a ci lafiya, kuma yaro idan babba ya kira shi "mande" yake amsawa, wanda ya yi daidai da "na'am" ɗinmu.

Alhaji na Dawanau:
Baban Safwan, ni ɗan kasuwa ne, kuma abin da nake jira in ji ba ka faɗa ba. Shekara da shekaru muna tara zoɓo daga Jigawa, daga Maigatari da ƙauyukan kan iyaka, a tsince shi a ɗura a buhu a kai Legas, ana ce mana mafi yawansa Meksiko yake tafiya. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya gan shi a can da idonsa ba. Me suke yi da shi haka da yawa?

Baban Safwan:
Ranka ya daɗe Alhaji, shan sa suke yi kamar yadda muke sha, sai dai nasu ya fi namu yawa a kan teburi. Suna kiran furen jamaica, ana furta shi hamaika, kuma kusan duk gidan abincin da ka shiga da rana za ka tarar da manyan tuluna na gilashi a jere: ja na zoɓo, ruwan ƙasa na tsamiya, da fari na shinkafa da kirfa. Nasu bai kai namu kauri ba, kuma ba sa sa citta da kanumfari. Babbar kasuwar sarin kayan abinci ta birnin, Central de Abasto, a Iztapalapa take, don haka na roƙi abokina ya kai ni da asuba. Alhaji, Dawanau ce aka yi wa rufi aka ninka: layuka masu tsawon da sai ka gaji da tafiya, 'yan dako suna tura kura suna fito a ba su hanya. A layin busassun kaya, tsakanin buhunan barkono iri-iri, wani mai shago ya buɗe mini buhu biyu, ya ce wannan na jihar Guerrero ne, ya fi tsada, wannan kuma daga Najeriya ya zo. Na ɗebo na Najeriyar a tafin hannu na shinshina, na daɗe ban ce komai ba. Da abokina ya gaya masa daga inda na fito, sai ya ƙi barina in tafi sai da ya kira maƙwabcinsa ya nuna ni.

Alhaji na Dawanau:
Allahu Akbar. To ka ga inda gyara yake: idan nasu ya fi tsada, sai mu tambayi kanmu yadda muke shanya namu da yadda muke tsince shi. Za mu yi wannan maganar ni da kai a waya.

Malamin Tarihi:
Na karanta labarinka da sha'awa, Baban Safwan, amma ban yarda da hukuncin da ka yanke ba, kuma ina ganin labarin naka da kansa ya rushe shi. Ka ce wuraren tarihi suna cike da intanet. Ita wannan tortilla da ta burge ka, daga ina ta fito? Masarar da ake yin ta ana dafa ta ne da ruwan farar ƙasar da aka ƙona, a bar ta ta kwana, a wanke, sannan a niƙa. Wannan dabara ta girmi zuwan Turawa da dubban shekaru, kuma ita ce take saki wani sinadari a cikin masarar da jiki ke buƙata, shi ya sa mutanen can ba su yi fama da ciwon fata da gudawa da ya addabi talakawan kudancin Turai ba lokacin da suka karɓi masara suka bar dabarar. Masarar kanta a kudancin Meksiko aka fara noma ta, kimanin shekara dubu 9 da suka wuce, kuma kalmar tumatir da muke faɗa kullum asalinta daga harshen Nahuatl take, harshen Aztek, mutanen da suka mulki yankin kafin zuwan Turawa. Wanda bai shiga babban gidan adana kayan tarihi na Chapultepec ba, wanda aka buɗe a 1964, zai ci tortilla ya ƙoshi bai san abin da ya ci ba.

Haka kuma matsalar ruwan da ka gani a gidan abokinka. Birnin a kan tafki aka gina shi. Aztek sun kafa Tenochtitlan a kan tsibiri a 1325, Hernán Cortés da mayaƙansa na Sifen tare da ƙabilun da suka mara masa baya suka ci birnin a 1521, daga nan aka shiga janye ruwan tafkin ƙarni bayan ƙarni. Yau ana zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa don shayar da mutum sama da miliyan 20, laka tana motsewa, birnin yana nutsewa a hankali. Idan ka tsaya a Zócalo ka dubi babbar majami'ar da aka fara ginawa a 1573 aka gama a 1813, za ka ga ta karkace. Kusa da ita kuma ga kufan babban wurin bautar Aztek, wanda aka shiga tonowa bayan ma'aikatan lantarki sun ci karo da wani katon dutse mai sassaƙa a 1978. Tankin da ke kan rufin abokinka da wannan karkatacciyar majami'a labari ɗaya suke ba da wa.

Baban Safwan:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi rabin maganarka. Gaskiya ne sai da na je Xochimilco na ga gonakin da ake kira chinampa, waɗanda aka tayar da laka a cikin ruwa tun zamanin Aztek kuma har yau ake noman ganye da furanni a kansu, sannan na fahimci cewa ƙasar da nake takawa a Iztapalapa gindin tafki ce. Amma ka lura da yadda abin ya zo. Da a ce daga otal na tafi, da na shiga kwalekwale mai fenti, na saurari masu kiɗa, na ɗauki hoto na dawo. Saboda na kwana goma ina ganin matar abokina tana tara ruwan wanki a bokiti don wanke tsakar gida, shi ya sa na tambayi mai tuƙin inda ruwan ya tafi. Teotihuacan kuma, mai nisan kusan kilomita 50 daga birnin, ba zan rage mata komai ba. Dalar Rana ta kai kimanin mita 65, kuma da na tsaya a gindinta aka gaya mini cewa su Aztek ɗin ma a kufai suka tarar da birnin, ƙarnuka bayan mutanensa sun watse, sai na ji jikina ya yi sanyi, na tuna ayoyin da ke umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga ƙarshen waɗanda suka gabace mu.

Malamin Tarihi:
Wannan ya fi. Ga wanda zai je nan gaba, ya ƙara jihar Veracruz a cikin shirinsa. Akwai gari a can mai suna Yanga, sunan wani bawa ɗan Afirka da ya jagoranci tawaye wajen 1570, ya kafa mazauni a cikin duwatsu, ya yi ta fafatawa har hukumar Sifen ta amince da 'yancin mutanensa. A ƙidayar 2020 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka bayyana kansu a matsayin masu tsatson Afirka.

Ɗan Damagaram:
Ni kuma ta wani ɓangare zan zo, kuma ina roƙon Baban Safwan ya yi mini haƙuri. Duk muna ta maganar abin da baƙo ya samu, babu wanda ya tambayi abin da mai gida ya biya. Kwana 19 ba wasa ba ne. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne, kuma hadisi ya tabbata cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, har aka hana baƙo ya zauna ya kai ga ƙuntata wa mai masaukinsa. Tsohuwa ta canza girkin gidanta gaba ɗaya, gidan da ruwa ke wahala ya ƙaru da mai alwala sau biyar a rana, abokinka kuma yana da aikin da zai je. Na zauna a ƙasar waje shekara shida, na san yadda ake murmushi a falo ana lissafi a ɗaki. Idan muka ce wa kowa ya sauka a gidan aboki don ya ga rayuwa ta gaskiya, muna iya mayar da gidajen mutane wurin kallo.

Baban Safwan:
Ɗan'uwa, babu abin haƙuri a nan, domin ka taɓa inda yake yi mini ciwo. Zan faɗi abin da ban faɗa da farko ba. Gidan suna da kare, kuma a can kare ɗan gida ne, yana kwana a falo. Ban taɓa ganin sa a hawan da nake ba. Sai a kwana na goma ƙaramar 'yar abokina, mai shekara shida, ta kama hannuna ta hau da ni kan rufi ta nuna mini shi a ɗaure kusa da tankin ruwa, ta ce tun ranar da na zo aka mayar da shi can, kuma kullum da dare sai ta hau ta rufe shi da tsohon bargo saboda sanyi. Babu wanda ya gaya mini. Ɗakin da nake kwana ma nata ne da yayanta, su suna kwana wurin kakarsu. Daren nan ban yi barci sosai ba.

Washegari na ce zan koma otal, abokina ya ɓata rai ƙwarai, ya ce mahaifiyarsa za ta ɗauka ta yi mini laifi. Abin da muka daidaita a kai shi ne na tafi Puebla da Oaxaca ni kaɗai na kwana biyar, gidan ya huta. Bayan na dawo na karɓi cefanen kasuwar mako da ake kafawa a titinsu, wadda suke kira tianguis, na kuma riƙa sayen gorar ruwa. Na koyi shiga Metro, wato jirgin ƙasan cikin birni, da kaina, kuɗinsa peso 5 ne duk nisan tafiyar, kuma kowace tasha tana da hotonta ban da suna, don haka ko ba ka jin harshen za ka gane inda za ka sauka. Daga unguwarsu ma akwai keken sama mai tafiya a kan igiyar ƙarfe da aka buɗe a 2021, wanda ke sauke mutanen kan duwatsu a bakin tashar jirgin. Da haka abokina bai ɗauki hutu ba sai na kwana huɗu. Duk da haka na yarda da kai cewa da na san abin da na sani yanzu, da mako ɗaya zan yi a gidan.

Ɗan Damagaram:
Allah ya saka da alheri da wannan gaskiyar. Mako ɗaya a gida, sauran a waje, a riƙa zuwa cin abincin rana, wannan na yarda da shi. Oaxaca fa, ka ci farar da ake cewa suna ci?

Baban Safwan:
Na ci, ana furta sunan garin Wahaka. Ana tara ta tuli-tuli a faranti a bakin kasuwa, an soya ta da lemun tsami da tafarnuwa da barkono, ƙanana ne ba su kai tamu girma ba. Na kuma je wani ƙauyen masaƙa, Teotitlán del Valle, inda ake rina zaren ulu da baba, na tsaya a bakin tukunyar ina jin warin da na sani tun ina yaro a Ƙofar Mata.

Ustaz Abu Hafsa:
Baban Safwan, kwanakin da ka ambata sun haɗa da 1 da 2 ga Nuwamba, lokacin bikinsu na matattu. Ina fatan ka kiyaye, domin wannan abu ne da ya shafi aƙida, kuma zama a gidan mutane yakan sa kunya ta ja mutum zuwa abin da bai kamata ba. Wannan ma wani dalili ne da zai sa Musulmi ya yi tunani kafin ya sauka a gidan da ba na Musulmi ba a lokacin bukukuwansu.

Baban Safwan:
Allah ya gafarta Malam, na dawo daga Oaxaca ana gobe bikin. A falon mahaifiyar abokina an shirya teburi mai hawa-hawa, an jera hotunan mamatan gidan, ga kyandir, ga furanni ruwan lemo masu ƙarfin ƙamshi, ga wani burodi na musamman, ga abincin da kowane mamaci yake so a rayuwarsa, saboda sun yi imani cewa rayukan suna kawo ziyara a waɗannan darare. Ban kunna kyandir ba, ban ɗora komai a teburin ba, ban kuma bi su maƙabarta ba, kuma babu wanda ya nemi in yi. Tsohuwar ta tambaye ni ko mahaifina yana raye, na ce ya rasu, ta ce in kawo hotonsa ta sa kusa da na mijinta. Na gane cewa babbar karramawa ce take yi mini, don haka na zauna na yi mata bayani ta bakin ɗanta cewa mu addu'a muke yi wa mamatanmu, mu yi sadaka a madadinsu, kuma mun yi imani ba sa dawowa. Ta saurara har na gama, ta ce to in yi wa mahaifina addu'ar a ɗakina, ita ba za ta bari yara su dame ni ba. Bayan haka ta ba ni labarin mijinta, direban motar haya ne, wanda ya kwana uku yana tonon ɓaraguzai da hannunsa bayan girgizar ƙasar 19 ga Satumba 1985.

Ustaz Abu Hafsa:
Alhamdu lillahi, ka yi abin da ya dace, kuma ka yi shi da ladabi. Sai dai ina nan a kan cewa ba kowa ne zai iya tsayawa haka ba, musamman matasa.

Matashi daga Gombe:
Baba, ni biza da tsaro nake son ji. Abin da muke gani a labarai game da Meksiko kashe-kashen masu safarar ƙwaya ne kawai.

Baban Safwan:
Ɗana, ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma Meksiko tana da ofishin jakadanci a Abuja, sai dai wanda ke da bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ta ƙasashen Turai na Schengen mai aiki an ɗauke masa neman tasu. Ka tabbatar da ƙa'idar kafin ka sayi tikiti. Ko da bizar, a shirya amsa tambayoyi a filin jirgi. Ni an zaunar da ni kusan awa biyu, aka duba takardar gayyata da tikitin dawowa, aka kira abokina a waya, domin 'yan Afirka da yawa suna bi ta ƙasar da nufin tsallakawa Amurka.

Batun tsaro kuwa gaskiya ne, amma ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kamar yadda ba za a auna Najeriya duka da abin da ke faruwa a daji ɗaya ba. Ni ban gamu da komai ba, sai dai na bi dokokin gidan: ba a fito da waya a motar haya, ba a tsayar da tasi a titi da dare, akwai kuma layukan da aka ce kada in bi ko da rana. Abin da ya nuna mini zurfin matsalar shi ne takardun da ke manne a jikin bango da turakun lantarki, masu ɗauke da hotunan mutanen da suka ɓata. A babban titin Reforma akwai wani shataletale da iyalai suka cika da irin waɗannan hotuna. Rajistar hukuma ta haura mutum dubu 100 tun 2022, kuma akwai ƙungiyoyin iyaye mata da ke fita da shebur da sandar ƙarfe suna neman kaburburan 'ya'yansu. Matar abokina tana da ɗan'uwa a cikinsu. Ba ta gaya mini ba sai daren da zan taho, muna zaune a teburi bayan an gama cin abinci, irin zaman hirar da sukan yi na awa guda ko fiye kafin a kwashe kwanuka.

Maman Ikram:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bayyana musu shi. Wannan ciwo mun san shi a nan. To shi abokin naka, zai rama ziyarar kuwa?

Baban Safwan:
Zai zo in sha Allahu bayan Babbar Salla, shi da matarsa, kwana 12. Ina son in kai su Dawanau wurin Alhaji, da Ƙofar Mata, da Dutsen Dala da Gidan Makama, sannan mu je ƙauyenmu su ga masarar da ta taso daga ƙasarsu a gonar yayana. Uwargida ta riga ta ce ɗakinta za ta ba su, ni kuma tun da Ɗan Damagaram ya yi magana nake tunanin ko su ma za su fi sakewa idan aka raba kwanakin.

Ɗan Damagaram:
Ka tambaye su tun yanzu, ka kuma gaya musu gaskiyar zafin Kano a wannan lokacin da yadda wuta take, domin mutanen da suka saba da sanyin tudu za su ji jiki. Kwana biyar na farko a gida, sauran ka kama musu ɗaki kusa da kai.

Alhaji na Dawanau:
Ranar da za ku zo kasuwa ka sanar da ni da kwana biyu, zan sa a ware buhun zoɓo mai kyau su gani, kuma abincin rana a gidana za a ci.